Jan Furen Gidan Waziri

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki ana ce masa Jatau. Ya gaji da yaƙi da maƙwabcinsa na gabas, sai ya aiki amintaccen manzonsa Nomau da takardar sulhu. Sanyi ya wuce, rani ya raba tsakiya, babu Nomau babu dalilinsa. Waziri Mantau ya faɗi gaban Sarki ya ce, “Allah ya ba ka nasara, kada a wahalar da ido kan hanya. Nomau ya sayar da asirinmu, yana can yana cin tuwon abokan gaba.”

Sarki ya fusata, ya sa aka yi shela a kasuwa cewa Nomau maci amana ne. In har aka kwana goma sha huɗu bayan ruwan farko bai dawo ba, za a rushe gidansa, a sayar da 'ya'yansa uku.

Uwar Nomau, Iya Tabawa, ita ke riƙon yaran, don uwarsu ta rasu. Tsohuwa ce mai ɗan lambu a bayan ɗaki, inda take kiwon wata albasar daji mai jan fure, wadda ta zo da ita cikin kayan aurenta daga garinsu mai nisa. Duk ƙasar babu mai irinta. Al'adar danginta ce, in ɗa zai yi tafiya, uwa ta tono ƙwaya ɗaya ta ɗinke masa cikin aljihun riga, ya dawo da ita a mayar ƙasa. Haka ta yi wa Nomau, ta bar ramin a buɗe tana jira.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi yana murna. Ita kuwa kowane ɗigo kamar a kan zuciyarta yake sauka. Lambun ya yi kore, sannan ya yi jajawur, bai taɓa yin kyau irin na bana ba, har ta tsani kallonsa. Kullum addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa yaron yana raye, ko da a ɗaure.

Ranar da wa'adi ya cika, dogarai suka tasa ta gaba ita da jikokinta zuwa fada. Tana durƙusawa, idonta ya faɗa kan wani akushi a gaban Sarki, cike da ruwa, da jan fure a ciki. Waziri ne ya kawo shi gaisuwa. Shi dai mutum ne da ko kaza bai taɓa kora daga gona ba, bai san abin da ke yin iri da wanda ba ya yi ba. Ya ga abu mai kyau ya fito a gidansa, ya ɗauka alamar albarka ce, ya kawo a yaba masa. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Tabawa ta gane furen, ta kuma gane abin da yake faɗa mata. Ashe abin da zai ceci jikokinta shi ne abin da ta yi wata biyar tana roƙon Allah kada ya tabbata. Ta haɗiye kukan, ta dubi ƙasa.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, wanda za a rushe wa gida a bar shi ya yi tambaya uku, ba za su cika wa fada ciki ba.”

Sarki ya ce, “Tambayi, Iya.”

“Waziri, uban ƙasa, wannan fure mai kyau, a ina aka tsinko shi?”

Waziri ya gyara rawani ya ce, “A gidana, bayan bargar dawakai.”

“Wane mai hannun albarka ne ya shuka maka?”

“Babu wanda ya shuka. Kyauta ce daga Allah ga gidan da ya cancanta.”

“To, al'adar fadar nan, manzo ba ya ganin Sarki sai ya fara sauka gidan Waziri. Uban yaran nan ya taka gidanka tun da ya tafi?”

Waziri ya ce, “Wallahi ko inuwarsa ban gani ba.”

Tabawa ta juya ga Sarki ta ce, “Zaki, ga kacici-kacici. Abin da ba ya yin 'ya'ya, iska ba ta ɗaukarsa, tsuntsu ba ya cinsa, yaya aka yi ya bar bayan ɗakina ya shiga gidan da ban taɓa shiga ba? Shekara arba'in ina tare da albasar nan, ba ta zuwa ko'ina sai inda aka ɗauke ta aka kai ta. Ƙwaya ɗaya ce kaɗai ta fita daga gidana bana, ni na ɗinke ta da hannuna. A je a tona. In ba a samu riga a ƙarƙashinta ba, a haɗa da ni a sayar.”

Sarki ya dubi Waziri, ya ga gumi na bin gemunsa, sai ya miƙe da kansa, aka ɗunguma zuwa bayan bargar Waziri.

Ba a yi kamu uku ana tona ba, fartanya ta taɓa tufa, ga gawar Nomau cikin rigarsa. Saiwar ta huda aljihun ta fito, ga zaren ɗinkin nan baƙi, irin na Tabawa. Nomau ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya. Ran nan ta durƙusa bakin ramin ta kira shi sau uku, har dogarai suka kau da kai.

Sarkin bargar Waziri ya faɗi gaban Sarki, ya zayyana komai. Nomau ya dawo tun tsakiyar rani da amsar sulhu, cikin takardar kuma sarkin gabas ya bayyana cewa Waziri ne ke aiko masa da asirin rundunar Jatau. Waziri ya karanta, ya ƙone ta, ya sa aka maƙure manzon, aka turbuɗe shi da rigarsa cikin gaggawa.

Kafin la'asar hauni, mai sare kan masu laifi, ya gama da Mantau a bakin kasuwa. A wurin da aka yi shelar cin amana, nan aka yi shelar cewa Nomau ya mutu kan aikin Sarki, 'ya'yansa kuma 'ya'yan fada ne har abada. Aka tashi sabon manzo zuwa gabas. Sarki ya sauko daga karaga ya ce, “Iya, na zalunce ki. Roƙi abin da kike so.”

Ta ce, “A ba ni shi in kai shi gida, a yi masa sutura irin ta Musulmi. Ba ni da sauran buƙata.”

An riga an mayar da yaran gida tun kafin a tona. Da Tabawa ta shigo, sai ta tarar da su tsaye bakin lambu. Babbar, Dela, ta sheƙo ta riƙe mata zane ta ce, “Iya, an ce ba za a sayar da mu ba! Baba ya dawo ke nan?”

Tabawa ta dafa kanta. Daga zaure ana jin takun masu ɗauke da makara.

Ta ce, “Ya dawo. Je ki shimfiɗa tabarmi, mutane na tafe.”