Kunnen Inna Kande

Ku matso kusa, a gajiye nake, ba zan maimaita ba.

Sallau mai gyaran waya ya gaji da yi wa uwarsa ihu. Inna Kande tana da ɗan abin ji da ake saƙalawa a kunne, da manhajar waya ake saita shi. Saitin ya rikice, kamfanin da ya ƙera shi ya rufe, manhajar ta ce sai ta gaisa da kamfani kafin ta buɗe, wayar kuma ta faɗa randa. Wata bakwai tsohuwa ba ta ji kiran salla ba. Rannan ta tara 'ya'yanta uku ta ce, "Wanda ya dawo min da kunnena, gonar bakin rafi tasa ce."

Sallau ya farke gawar wayar, kwana tara yana liƙe-liƙe da dalma har idonsa ya kaɗa, ya zaro manhajar daga ƙwaƙwalwarta. Ba a kuma samunta ko'ina sai nan.

Amma abin da ya zaro yaren inji ne, lambobi zalla. Ƙanwarsa Lantana, wadda ta karanci kwamfuta, ta zuba shi cikin wata manhaja mai warware manhaja, kamar yadda ake warware tsohuwar hula zare-zare. Mutanen kamfani sun goge duk sunaye, komai ya koma a, b, c. Sati uku tana bin zaren, har ta gano layin da ke neman izini, ta datse shi.

Manhaja ta buɗe a wata wayar, saura saiti. Duk lambar da aka sa, Inna sai ta ce, "Ni ban ji komai ba." Ko ta ji ba ta yarda, haka take tun suna yara. Sai yayansu Gambo, direban tifa da bai san a da b ba, ya zauna a bayanta. Lantana na canza lamba, shi yana raɗa, "Inna, mun yanka akuyarki." Sau arba'in shiru. A na arba'in da ɗaya ta waiwayo da muciya: "Wace akuyar, ɗan banza?"

Nan take aka kaure da gardamar gona. Sallau ya dafe kai. Inna ta saurara kaɗan, ta cire abin, ta ƙulle a bakin zane, ta ce ba ta mayarwa sai sun daidaita.

To ku, ku raba mana gardama tsohuwa ta ji kiran salla: wa ya cancanci gonar nan?