Rigar Ɗan Fari Mai Tawada Biyu

Na rasa miji, na rasa ɗa, daga baya na rabu da rigar ɗan, abin da na samu a madadinsu kuwa yammacin Alhamis ne. Ga yadda cinikin ya kasance.

An yi wani sarki a birninmu, mai girmama malamai, mai ƙin husuma, a zamanin da raƙuma ke kawo takarda daga arewa. A lokacinsa zaurukan ilimi biyu suka yi fice, na Gindin Rimi da na Bakin Kasuwa, ɗalibansu kuwa samari ne masu sabon gemu, kowa gani yake shi ne fitilar gari. 'Yan Rimi baƙar tawada suke ɗigawa a hannun riga, 'yan Kasuwa ja, kuma ba su yarda a wanke, wai tambarin ilimi ne. Ran Alhamis da ba karatu sai su sha rawani su zaga gari suna rera waƙar zaurensu, suna jera sunayen gwanayensu, in sun yi kiciɓis a lungu ba mai kauce wa wani.

Yaron nan nawa ya yi nahawu a Rimi, ya yi fiƙihu a Kasuwa, saboda haka rigarsa tawada biyu gare ta, sunansa kuma yana cikin waƙa biyu. Da daddawa na ciyar da shi, ni Tasalla, wadda ba a taɓa cuta a ciniki ba. Zazzaɓin damina ya ɗauke shi.

Bayan sadakar arba'in kowane zaure ya so rigar, don ya rataye ta ya ce gwanin nasa ne. Gardama ta kai ga fasa kai, har alƙali ya hana a sa sunan yaron a waƙa sai an san inda rigar ta zauna. Sai suka yi ta sintiri a ƙofata.

"Iya, saniya da ɗanta, ki ba mu rigar wane."

"Albarka."

"Mu kuma turkuɗi da buhun gero."

"Albarka."

Wani mai tsaurin ido ya ce, "Haba Iya, rigar sarkin Masar ce?" Na ce, "Ta fi, ɗan nan. Sarkin Masar bai ci daddawata ba."

Da abin ya ƙi ƙarewa aka kai mu fada. Sarki ya dubi wazirinsa, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce, "Waziri, ga mas'ala. Mace ba ta ce ba na sayarwa ba ne, ba ta kuma sallama ba, an taya mata abin da zai riƙe ta har tsufa ta ce albarka. Ka nemo mini kuɗin rigar nan, ɗalibaina su huta."

Waziri ya juyo gare ni da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, rigar wa ce?"

Na ce, "Ta yaron nan."

"Wane yaro?"

Na sunkuyar da kai. Bakin da ya gagari dillalai ya kasa.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ta hana ta yana da rai, yanzu kuwa ko ta kira ba mai amsawa. A bakin waɗannan samari take jin sunan ran Alhamis, tana bayan katanga, da aka hana su kuwa sai ya zama an sake binne mata shi. Ba ƙarin dukiya take nema ba. Tana jan cinikin ne domin duk wanda ya zo tayi sai ya ambaci mai rigar, in ta sallama yau, wa zai sake zuwa?"

Wallahi ban taɓa gaya wa kowa haka ba, ko kaina.

Masu rawani suka dubi ƙasa. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya yanke hukunci rigar ta riƙa shekara a Rimi, shekara a Kasuwa, ya ce, "Adalci bai cika da jin abin da mai ƙara ya faɗa ba, sai an ji abin da kunya ta hana shi faɗi. Iya, yanka kuɗinki."

'Yan Kasuwa suka yi caraf suka ce za su riƙa zuwa ƙofata su kira sunansa ran Sallah. Na ce albarka. 'Yan Rimi suka ce duk tsayuwar wata, ai unguwata da nisa. Na ce shi da yake zuwa muku kullum da asuba, ƙafar ƙarfe gare shi? Albarka.

Na sunsuni rigar, na miƙa, na ce kowace Alhamis, da masu baƙar tawada da masu ja, su tsaya a ƙofar mai daddawa su kira sunansa da ƙarfi yadda zan ji daga ɗaki, har ranar da za a fito da ni.

A kan haka na sallama.