Takardar da Ruwa Ya Ci

Ranar Talata, ƙarfe goma na safe, Tanimu majemi ya durƙusa gaban shugaban ƙaramar hukuma yana neman kwanon rufi na agaji, domin ambaliya ta rushe masa ɗaki.

Shugaba ya ce, "Sai ka kawo takardar gidan."

"Ranka ya daɗe, ruwa ya tafi da ita."

"Wanda ba shi da takarda ba shi da gida."

Tanimu ya dubi bangon ofis, ya ga shatin ruwa har ƙirji. "Ranka ya daɗe, ina takardar shaidar zaɓenka?"

Shugaba ya yi gyaran murya. "Ita ma ruwa ya ci."

"Ashe ba mu da shugaba! Sauko tabarma mu jira shi tare."

Kafin azahar aka kai wa Tanimu bandir biyu na kwano.