Aljani Mai Ƙamshin Mangwaro

Gwaggon maigidana ce ta ba mu wannan labari, ranar da muka taru a tsakar gida muna tsinkar zogale. Ta ce kowa ta kife wayarta ta buɗe kunne, don in ta kai ƙarshe sai mun biya ta da amsa. Ga yadda ta kawo shi, sai dai inda dariyar mutane ta hana ni ji sosai.

A wani gari an yi wani dattijo mai awon hatsi, sunansa Malam Haladu. 'Ya'yansa maza uku ne, sai auta mace. Babban shi ne Lurwanu, yana sayar da turare a bakin kasuwa. Mai bi masa Tasi'u, yana jan adaidaita sahu. Na ukun Ghali, tela ne, saurayi mai sanyin hali, har an sa masa rana da wata yarinya a bayan layinsu. Autar kuwa Juwairiyya, shekararta sha biyar, Allah ya ba ta murya da dogon numfashi. In tana tilawa da safe, mai tallan koko tsayawa take yi a zaure har kokon ya huce. Ayar da sauran yara suke yankawa gida biyu, ita da numfashi ɗaya take kai ta ƙarshe. Shi ya sa malamin Islamiyyarsu ya sa sunanta a musabaƙar jiha. An ce duk wadda ta zo ta ɗaya za a ba ta kujerar Umra, da ƙarin kujera guda ta muharramin da zai raka ta.

Ana cikin shiri sai wata ƙawarta a makarantar boko ta miƙa mata wani abu kamar ƙaton biro, ruwan hoda. Ta ce, "Zuƙi ki ji. Ba taba ba ce, tururi ne kawai, har murya yake buɗewa." Shishar aljihu ke nan, wadda ba ta son ashana ba ta son gawayi, caji kawai ake yi mata kamar waya. Juwairiyya ta zuƙa don kada a ce mata baƙauyiya. Ta sake zuƙa don ta tabbatar. Kafin a jima ta mallaki tata, kuma in ba ta zuƙa ba sai kanta ya riƙa sarawa, kowa haushi yake ba ta. Da mahaifiyarta, Inna Kande, ta ga abin a ƙarƙashin filo ta tambaya, sai yarinyar ta ce na'urar hadda ce, alarammomi ne a ciki. Tun daga ranar Inna Kande da kanta take sa shi a caji. Da hannun dama take ɗaukarsa, ba ta yarda a ɗora komai a kansa.

Sai gida ya fara ƙamshin mangwaro, alhali ko fure bishiyoyin garin ba su yi ba. Juwairiyya ta fara tari, tana faɗa da kowa, ayar da take ja da numfashi ɗaya ta koma tana hutawa a tsakiyarta kamar mai hawan tudu. Wata rana maƙwabciyarsu Tabawa ta leƙo ta katanga neman aron rariya, ta hango yarinyar a bayan kicin, hayaƙi yana fita ta ƙofofin hancinta biyu, babu wuta babu garwashi. Ta sauko daga kan turmi ta zagayo da gudu, ko mayafi babu. Mata suka haɗa kai suka duba lamarin: ƙamshi ba a san mafarinsa ba, hayaƙi ba wuta, yarinya mai kunya ta koma masifaffiya. Suka ce ai ba sai an tambayi kowa ba, mutanen ɓoye ne, muryar ce ta ba su sha'awa. Maganinsu kuma hayaƙi. Kullum da yamma sai a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa tazargade da habbatus-sauda da duk abin da wata tsohuwa ta tuna, a lulluɓe Juwairiyya da bargo a kai. In ta yi tari a ce ga shi nan yana fita. In tarin ya yi tsanani a ce taurin kai ne da shi, a ƙara garwashi. Ita kuwa ta gwammace bargon da ta faɗi gaskiya.

To ga abin da Lurwanu ya yi. Wata Juma'a ya shigo gaisuwa, ana tsaka da turara yarinyar. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hanci. Ta cikin duk wannan hayaƙi ya tsinto ƙamshin, ya ce, "Inna, wannan mangwaron ba na bishiya ba ne, na kwalba ne. Irinsa ake zubawa a cingam." Inna Kande ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce, "Kai, rufe mana baki kada su ji ka." Bai rufe ba. Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa, yana rarrafe yana shinshina ƙasa, daga bakin kicin zuwa akurkin kaji, daga akurki zuwa ƙofar ɗaki. Tabawa tana kan katanga ta ce, "Shi ke nan, ya koma kan babban!" Hancinsa bai tsaya ko'ina ba sai jikin soket, inda na'urar hadda take kwance a kan farin hankici. Ya ɗauka ya shinshina bakinta ya ce, "Ga aljaninku nan yana caji." Inna ta doke masa hannu ta ce, "Da alwala kuwa ka taɓa?" Shi kuwa ya riga ya gane. Ya fito da gudu ya yaye bargon, ya tuttula ruwan buta a kasko. Sai ga fuskar yarinyar. Leɓɓanta sun yi duhu, tana jan numfashi yana ƙin shiga. Da ba don hancin Lurwanu ba, da an ci gaba da ƙara mata garwashi.

Ga kuma abin da Tasi'u ya yi. Lokacin da aka kira shi a waya yana ɗauke da wata mata da zakarunta biyu za ta kasuwa. Ya roƙe ta ta sauka, ta ce ba inda za ta sauka sai inda ta ce a kai ta. Sai ya juyo da ita har ƙofar gida. Aka sa Juwairiyya a ciki, Inna ta rungume ta, mai zakaru ta matsa gefe tana mita. Da suka zo mararraba Inna ta ce, "Dama za ka yi, gidan mai ruƙiyya." Ya ce, "To, Inna," ya yi hagu. Ta ce, "Dama na ce!" Ya ce, "Can biki ake yi, an toshe hanya." Babu wani biki. Haka ya yi ta kutsawa tsakanin motoci, Inna tana salati, mai zakaru tana cewa an sace ta, zakaru suna cara, har ƙofar asibiti. Ya saɓi yarinyar a kafaɗa ya shige. Likitar da ta karɓe ta ta sa mata robar iska a hanci. Ta ce huhun ne ya kumbura, abin da ke cikin taba mai kama mutum shi ne a cikin wannan tururin, hayaƙin bargo kuma ya zo ya ƙarasa aiki. Ta ce yara irinta suna zuwa musu da yawa, kuma da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake yi ba. Bayan an sallame su ma Tasi'u bai huta ba. Shi yake kai ta makaranta ya ɗauko ta, in sun zo shagon da ake sayar da abin sai ya ƙara wuta. Ya cika aljihun kekensa da aya da goriba da rake. In abin ya motsa mata ta hau shi da faɗa, sai ya miƙa mata rake ya ce, "Gama da wannan tukuna, sai ki ci gaba da zagina." Da ba don Tasi'u ya ƙi yin dama ba, da ba ta ga likita ba.

Saura Ghali. Matar nan mai zakaru, tun da ba ta sami ciniki ba ranar, sai ta sayar da labari. Kafin a ce me, gari ya ɗauka an sami shisha a gidan Malam Haladu. Dokar Islamiyya kuwa ita ce duk ɗalibin da aka kama da ita a cire shi daga musabaƙa. Malamin ya tako har zaure. Shi Malam Haladu dama ciwon ƙirji aka ce masa yarinyar take yi, bai san komai ba. Ya sa aka kawo abin, ya ajiye a kan tabarma, ya tara samarin ya ce, "Na wane ne?" Samarin suka dubi juna. Juwairiyya tana bayan labule tana saurare. Sai Ghali ya ce, "Nawa ne, Baba. A ɗakin da take karatu nake sha, hayaƙin ne ya kama ta."

Malam Haladu ya dube shi daga hula har silifa ya ce, "Kai? Kai da ko yaji ba ka iya ci? To in naka ne sha mu gani."

Ghali ya ɗauka ya sa wajen cajin a baki, ya hura kamar usur. Tasi'u ya miƙa hannu kamar zai karkaɗe masa riga, ya juya masa shi. Bawan Allah ya rufe ido ya yi masa zuƙa ɗaya ta mai jin ƙishirwa. Tari ya sarƙe shi, hula ta faɗi, hawaye da majina suka haɗu, ya kama bango yana neman ruwa da hannu. Uban ya ce, "Ka ga abin da yake yi maka, amma ka ƙi dainawa!" Malamin ya gyara zama ya yi masa wa'azi tun daga la'asar har aka fara alwalar magariba, sannan ya tafi ya bar sunan Juwairiyya a musabaƙa. Washegari surukan Ghali suka aiko an ɗaga biki sai ya shiryu. Yaran layi suka sa masa suna Ghali Tururi. Masu karɓar ɗinki sai sun shinshina kayansu kafin su tafi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk da raken Tasi'u, ƙawar nan ta riga ta sake kawo wa Juwairiyya sabuwa, tana ɓoye a cikin safa. Ranar da ta ji yara suna bin yayanta da wannan suna yana tafe kansa a ƙasa, ta shiga banɗaki ta jefa ta a masai, ta fito tana kuka. Ba ta ƙara ba. Da ba don Ghali ba, da an cire sunanta, kuma da ta koma.

Numfashi ya dawo a hankali. Ranar musabaƙa ta hau ta yi karatu, alƙalai suka ajiye birukansu suna saurare, ta zo ta ɗaya. Da suka dawo gida ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai. Ya tashi ya je ya gaya wa malamin. Malamin ya ce, "Da na sani a lokacin, wallahi da na cire ta. Yanzu kuwa har kyautar an rubuta da sunanta, sai in ce Allah ya shirya mu baki ɗaya." Surukan Ghali kuma suka ce sun ji, za su yi shawara.

Sai maganar kujerar muharrami. Malam Haladu gwiwoyinsa ba za su iya ɗawafi ba, ya ce ɗaya daga cikin samarin ne zai raka ta, kuma wanda ya fi yi mata rana shi zai ba. Nan aka tsaya. Lurwanu ya ce shi ya gano cutar, in ba a san ciwo ba me za a kai asibiti? Aka tuna masa cewa tazargaden da aka yi ta turara ta da shi daga shagonsa aka riƙa aikowa, bai taɓa tambayar na mene ne ba. Tasi'u ya ce gano ciwo ba ya sa iska a huhu, shi ya kai ta inda aka ceci ranta, shi ya yi gadin bakinta. Aka tuna masa cewa ya saɓa wa mahaifiyarsa a kan titi, kuma shi ya ɗauko matar da ta tona asirin gidan. Ghali kuwa Inna ce ta tsaya masa, ta ce wannan ya ba da sunansa da bikinsa. Aka ce haka ne, amma ƙarya ya shirga a gaban ubansa da malami, ko da yake wasu sun ce mai irin wannan ƙaryar ai shi ya fi bukatar zuwa ya roƙi gafara. Aka tambayi Juwairiyya, ta ja hijabi ta rufe fuska ta ce duk yayyenta ne.

Nan Gwaggo ta karkaɗe zaninta, ta ture tiren zogale gabanmu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

To, ku da kuke zaune, kujera ɗaya ce kuma jirgi ba ya jira: tsakanin wanda ya gano, da wanda ya kai, da wanda ya ɗauki laifin, wa za a ba?