Gurasar da Aka Rataye a Namangan

A garinmu Namangan an yi wani mutum mai suna Eldor, dillalin motoci, wanda tun da ya girma ba a taɓa jin ya ce “ban sani ba”. Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa takawa ba, sai ya miƙa hannu ya nuna maka gabas. Ya yi shekara biyu yana aikin gini a Mosko, to shi ke nan, sai ya ɗauka ya gama ganin duniya. Ba mugu ba ne, yana son iyayensa ƙwarai. Girman kai ne kawai ya yi masa katutu.

Da ciwon zuciyar mahaifinsa, tsoho Jura, ya yi tsanani, likitocinmu suka ce sai a Delhi za a iya yi masa aiki. Ƙanwar Eldor, Sabohat, malamar makaranta, ita ta yi wata huɗu tana rubuce-rubuce har aka samu babban likita ya sa musu rana: Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Ranar tafiya mahaifiyarsu Hosiyat ta kawo gurasa mai zafi, kamar yadda muke yi wa matafiyi. Tsoho ya gutsiri loma ɗaya, ita kuma ta rataye sauran a bango, don rabonsa ya jawo shi gida ya ƙarasa.

“Ki tsare min ita, kada jikokin nan su cinye,” in ji Jura yana dariya.

“Kai dai ka dawo da haƙoran da za ka tauna ta,” ta ce masa. Sannan ta juya ga ɗanta. “Eldor, amana ce na ba ka.”

“Aya,” in ji shi, don haka muke kiran uwa, “kwantar da hankalinki. Na san hanya.”

Jirgi ya sauka Delhi ƙarfe takwas na safe. Da suka karɓi kaya, Sabohat ta fito da takardar da tafintan asibiti ya aiko. An rubuta komai dalla-dalla: su sauka ƙasan filin jirgin, su shiga jirgin ƙasa mai sanyi, minti ashirin ya kai su tsakiyar gari, a can tafinta zai jira su da kujerar marasa lafiya.

Eldor ya karɓi takardar, ya ninke ta, ya cusa a aljihu.

“In kai ubana ƙarƙashin ƙasa tun yana da rai? Allah ya kiyaye. Mota zai shiga kamar mai daraja.”

“To ga layin tasi can, Eldor-aka,” in ji Sabohat, da yake “aka” muke ce wa yaya. “A biya a taga, su ba mu direba.”

“Ki dubi tsawon layin nan! Ke fa allo da alli kika sani. Mota sana'ata ce.”

A wurinmu ƙanwa ba ta ja da wanta a gaban uba, don haka Sabohat ta haɗiye maganarta. Kuma a wurinmu kowace mota tasi ce. Ka tsaya bakin titi ka miƙa hannu, kafin ka ƙifta ido wani ya tsaya, ku yi ciniki, ya kai ka. Abin da Eldor ya dogara da shi ke nan. Ya ja akwati, ya wuce layin, ya bi da tsohon har bakin babban titi, ya miƙa hannu da isa.

Motoci suka yi ta wucewa, babu wanda ya ko kalle shi. Watan Mayu ne, rana ta buɗe tun da safe, kwalta tana huci. Tsohon da ba ya iya hawa matakala uku ya tsaya minti arba'in a kan ƙafafunsa, gumi ya jiƙa masa hula.

“Ɗana, ka tambayi wani mana,” in ji Jura a hankali.

“Dada, in ka yi tambaya a baƙon gari sun gane kai baƙo ne, sai su yanke ka a ciniki,” ya ce wa mahaifinsa.

“To da wannan hular tawa ɗan gari za su ɗauke ni?”

Eldor bai yi dariya ba. Shi ma ya fara jin tsoro, amma ya gwammace rana ta gasa su da ya koma ya bi layin da ya raina a gaban ƙanwarsa.

Daga ƙarshe wani dattijo mai tsohuwar mota ya tsaya, ba don kuɗi ba, tausayin tsohon ya ji. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Eldor ya faɗi sunan asibitin da ƙarfi sau uku, mutumin ya gyaɗa kai, suka shiga. Motar ba ta da na'urar sanyi, mai ita kuma bai san asibitin ba, hanyar tsakiyar gari kawai ya kama.

Ba su yi nisa ba suka afka cikin cunkoso. Motoci sun tsaya cik, hayaƙi yana shigowa ta taga. A gefen titi, a kan wata doguwar gada, jirgin nan da Eldor ya ƙi shiga ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya wuce kamar kibiya. Bayan ɗan lokaci wani ya sake wucewa. Sabohat tana fifita mahaifinta da mayafi, tana kallon jiragen.

“Aka, mu ari wayar bawan Allahn nan mu kira tafinta,” ta ce da goma ta gota.

“In ce masa me? Na ɓata?”

Sai da leɓɓan tsohon suka canza launi, ƙwayar da aka sa masa ƙarƙashin harshe ta ƙi aiki, sannan Eldor ya zaro takardar, ya nuna wa mai motar lambar tafinta, aka kira shi. Tafinta ya yi magana da mai motar, ya kwatanta masa hanya. Dattijon ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yana danna oda, yana leƙawa yana roƙon a buɗe masa, amma ina hanyar take?

Jura ya kama hannun ɗansa.

“Kada ka tsawata wa ƙanwarka,” ya ce. Ya ɗan huta, ya ƙara da cewa, “Gurasar nan kuwa ta yi daɗi.”

Sun isa ƙofar asibitin ƙarfe ɗaya saura. Ma'aikata suka fito da gudu da gado, amma babu sauran abin da likita zai duba.

Bayan kwana biyar suka dawo da shi gida, a cikin akwati, a ƙarƙashin jirgi inda ake sa kaya. Da aka yi jana'iza mutane suka ragu, Hosiyat ta kira ɗanta ɗaki. Gurasar tana nan a bango, ta bushe, ga gurbin haƙoran tsohon.

“Na san kwana ne ya ƙare,” ta ce. “Amma ka faɗa min abin da babban likitan ya ce da ya duba shi. In har ya gan shi ya kasa, zuciyata za ta kwanta.”

Sabohat tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Ba ta faɗa wa kowa komai ba, kuma Eldor ya san ba za ta faɗa ba. Da ya so, ƙarya ɗaya ta ishe shi. Ya dubi gurasar, ya durƙusa a gaban uwarsa, kuka ya ƙwace masa.

“Bai kai wurin likita ba, Aya. Ban san hanya ba.”

Ajali na Allah ne, amma wanda ya ƙi yin abin da ke hannunsa ba zai ɓuya a bayan ƙaddara ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe yake, kuma abin da ya saba yi a garinsu ba lallai ya ci kasuwa a garin wasu ba. Matambayi ba ya ɓata. Idan ka sauka inda ba ka sani ba, musamman in kana riƙe da amanar wani, ka bi hanyar da masu gari suka nuna, ka saurari na ƙasa da kai. Ka ce “ban sani ba” tun tana da amfani, kada ka bari sai ranar da faɗarta ba za ta dawo maka da kowa ba.