Randar Shuni ta Gidan Rahmin

A cikin bayin Allah da aka yi a unguwarmu ta Yahudawan Buhara ba a yi kamar Malam ba, Allah Ya haskaka makwancinsa. Masani ne mai zurfin karatu, mai tsantseni da gudun duniya, wanda in ya zauna a majami'a yana ba da labarin kakanninmu Bani Isra'ila sai ka rantse tare da shi aka fito daga Masar. Karamominsa suna da yawa, amma wadda ba ma gajiya da faɗi ita ce ta randar Rahmin.

Rahmin marini ne ɗan marini, kuma duk abin taƙamarsa a duniya randa ɗaya ce ta tsohon ruwan shuni da ya gada tun daga kakansa. Daga cikinta ake ɗibar iri a tayar da kowane sabon rini, ana ciyar da ita da dusar alkama don kada ta mutu, kuma saboda launinta ne masaƙan alharini suke wuce sauran marina su zo ƙofarsa. Wata shekara aka yi sanyi mai tsanani, sai ya shigo da ita gida ya ajiye kusa da tanderu.

Da Idin Ƙetarewa ya gabato, lokacin da ba ma barin komai na alkama mai tsami a cikin gida, matarsa Mazol ta tashi aikin share-share, ita kuwa in ta fara ko aljihun miji ba ya tsira. Ta tuna ta sha ganin Rahmin yana zuba dusa a randar, ta leƙa ta ga tana kumfa kamar ƙullu. Ba ta jira kowa ba, ta tuntsurar da ita a kwata, ta wanke ta da tafasasshen ruwa, ta kife a rana tana murna ta tsarkake gida.

Rahmin ya dawo ya tarar kwata ta yi shuɗi har bakin hanya. Ya zube a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Kin gama da ni, Mazol. Abin da kakana ya raya kin kashe shi kafin shayi ya huce."

Ta ce, "To ni na sani, maigida? Tsami na gani a gidana, na fitar da shi."

Ya tafi wurin Malam zuciyarsa na tafasa. Malam ya saurare shi har ya ƙare, sannan ya gaya masa gaskiya, cewa abin da ko kare ba zai lasa ba shari'a ba ta lissafa shi cikin tsami, da an bar randar babu laifi. Wannan magana ta ƙara wa Rahmin ciwo. Sai Malam ya shiga ba shi labarin fitowar kakanninmu a bayan Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda suka ɗauko ƙullunsu a kafaɗa bai ko kumbura ba, suka baro tsohon tsamin da iyayensu mata suka gada can a Masar. Ya ce, "Amma da suka isa ƙasar da aka yi musu alkawari sun ci gurasa mai laushi. Wa ya ba su sabon tsami, Rahmin?"

Malam ya umarce shi ya cika randar da ruwa mai tsabta da shuni da toka, ban da dusa, ya rufe, kada ya buɗe sai idi ya wuce. Rahmin ya san aikinsa, ya san ruwan da ba iri ba dusa ko shekara ya yi a rufe matacce ne, amma kunyar Malam ta sa ya yi yadda aka ce. Haka ya ci idin nan cikin baƙin ciki, Mazol kuma ba ta iya haɗa ido da shi.

Da idi ya fita, da hantsi Rahmin ya ɗaga murfin, warin da ya sani tun yana goye ya buge shi. Kumfa ta taru a sama tana ƙyalli kamar jan ƙarfe. Mazol ce ta ɗauki farin zare ta tsoma ta ɗaga. Ya fito kore, iska ta taɓa shi, ya juya a gaban idonsu ya zama shuɗin nan na kakansa, bai ragu da komai ba. Suka tsaya suna kukan daɗi suna gode wa Allah.

Rahmin ya ruga da zaren wurin Malam zai sumbaci hannunsa, Malam ya janye. Ya ce, "Ba ni ba ne. Matarka ta zubar da gadonku don tsoron Ubangiji, Shi kuwa ba a fin Sa kyauta. Je ka ba ta haƙuri."

Ya koma ya ba ta, a tsakar gida, maƙwabta suna ji.

Tsarki ya tabbata ga Mai rayar da matacce. Allah Ya ƙara wa Malam yarda, Ya sa albarkarsa ta bi mu da zuriyarmu, Ya raya abin da ya mutu a hannunmu.