Akushin Da Ya Cinye A'a

Ku gyara zama, ga ta nan ta iso gare ku. Ba kyauta na kawo ta ba. In na sauke kayana sai kun biya ni da amsa, kuma wanda ya ce shi bai sani ba, ban sallama masa ba.

A wani gari da ake kira Tudun Marke an yi zaɓen ƙaramar hukuma da ya ƙare da jini. Jam'iyyu biyu ne, masu alamar Turmi da masu alamar Ludayi. Kowa ya ce shi ya ci, kowa ya ce a'a ga ɗan'uwansa, har aka ƙone rumfuna, aka yi ta ɗaukar makara zuwa tsohuwar maƙabarta ta bayan kasuwa. Cikin waɗanda aka binne har da mijin Barmani mai daddawa, shugabar matan Ludayi. Da dattawa suka gaji da jana'iza, sai suka zaunar da ɓangarorin biyu aka yi gwamnatin haɗaka. Turmi suka ɗauki ciyaman, Ludayi suka ɗauki mataimaki da 'yan kujerun kansila, bisa sharaɗin babu abin da zai wuce a majalisa in mataimaki ya ce a'a.

Ranar rantsuwa wata tsohuwa ta shigo sakatariya da baƙin akushi a ka, tuwo yana tururi. 'Yan Turmi suka zaci 'yan Ludayi ne suka aiko ta, 'yan Ludayi suka zaci karamcin Turmi ne. Aka wanke hannu aka ci. Tun daga ranar, duk zaman majalisa, rana na tsaka sai ga ta. Ta dire akushin, ta tsuguna a gefe har a suɗe, ba ta gaisuwa ba ta amsawa. Barmani kaɗai ce ba ta taɓa sa hannu ba. Mace ce mai ji da kanta, ta ce tuwon da ba ta ga murhunsa ba, ba zai ga cikinta ba. Ba ta da ƙuri'a a majalisa, tabarmarta a bakin ƙofa take, ba ta ciki ba ta waje.

Ita ta fara lura da abin. A kasuwa ta ga Malam Tunau, mataimakin ciyaman, mutumin da a da sai ya sa mai albasa kuka kafin ya saya, an tsuga masa farashi na rashin imani. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka tashi, abin da ya fito kawai shi ne, "To." Muryar kuma ba tasa ba ce, wata siririya ce mai sanyi kamar daga ƙasan rijiya. Da Barmani ta koma bakin ƙofarta ta kasa kunne, sai ta ji duk wanda ya ci daga akushin da wannan muryar guda yake amsawa, ɗan Turmi da ɗan Ludayi. A'a ta ɓace musu daga baki. Gari ya yi tsit, ba faɗa ba musu, karnuka ma suka daina bi ta gaban sakatariya.

Ana nan sai wani ɗan kwangila ya zo daga birni, ya ce a ba shi filin tsohuwar maƙabarta ya baje ya gina tashar mota. Ciyaman ya buɗe baki, ya ce, "To." Saura zama na ƙarshe a buga hatimi.

Malam Tunau shi ya zauna a cikin majalisa. Ya ce in duk suka tashi, wa zai ji abin da ake ƙullawa? Ba ya iya cewa a'a, amma ya gano akushin bai cinye "sai dai" ba. In an kawo maganar maƙabarta ya ce to, sai dai a bari damina ta wuce. Ta wuce, ya ce to, sai dai a jira mai awo ya zo. Haka ya yi ta jan zaman ƙarshe har aka yi girbi. A tsakanin nan ya amsa to da aka ba wani burtalin shanu ya nome, ya amsa to da aka kori malaman makaranta 'yan Ludayi. Ya rame kamar kara, in ya wuce mata su tofar da yawu, a kira shi Malam To.

Korau, ɗan Ludayi, kansilan Unguwar Mahauta, shi ya fice. Ya jefa makullin babur ɗin ofis a kan tebur, ya koma gida ya yi ta shan maɗaci yana amayar da wani baƙin abu, har aka yi wata guda cur, kujerarsa ta tafi, sannan wata a'a ta fito masa a dishe. Ya kife turmi ya hau kai, unguwa unguwa yana faɗa wa mutane abin da za a yi wa matattunsu. Aka tsayar da aikin famfon unguwarsa. Samari suka zaro gora da adda daga ƙarƙashin gado, aka fasa wa wani ɗan Turmi kai, wani shago ya kama da wuta. Amma ranar da ɗan kwangila ya gaji da jira ya turo katafila tun ba a buga hatimi ba, mutanen Korau ne suka kwanta a gabanta a ƙofar maƙabarta. 'Yan sanda suka ce su yi ta kwanciya, da an buga hatimi za a kwashe su. A'ar da aka faɗa a waje ba ta da kujera a majalisa.

Barmani kuwa tsohuwar ta bi. Ana gobe zaman ƙarshe ta hango ta ɗauke da akushin, rana ta take tsaka, ta bi ta a baya. Ta duba yashi, sawunta kaɗai take gani. Mata ba sa shiga maƙabarta a garin, amma da tsohuwar ta bi ta wata kafa ta baya, Barmani ta yi bisimilla ta bi ta. Can tsakanin kaburbura ga murhu, ga tukunya tana tafasa, babu wuta babu toka.

Ta ce, "Sannu da aiki, Iya. Wa ya sa ki wannan girki?"

Tsohuwar ta nuna kaburburan da muciya. "Masu gidan nan. A'a ce ta kawo su. Suka ce a raba bakin garin da ita, kada a ƙaro musu baƙi."

"Ai kuwa ga to can za ta kawo musu katafila. Ki mayar wa majalisa a'arta."

"Albarka."

Da Barmani ta ji wannan kalma sai ta gyara tsayuwa, don duk inda aka ce albarka, kasuwa ce. Ta ce rabin majalisa. Aka ce albarka. Ta gyara ɗaurin zanenta ta juya kamar mai tafiya, ba ta waiwaya ba sai da ta ji an ce, "Zo, 'yar nan. Guda ɗaya, a baki ɗaya, a zama ɗaya."

"Me zan bayar?"

"Muryar maigidanki da kike ji a kunnenki in kina ƙulla daddawa, yana cewa, Barmani, rage wa bayin Allah tsada. Ita nake so."

Barmani ta dubi kabarin maigidanta. Sannan ta ce ta saya, amma ita ba a taɓa sallamarta babu gyara ba. Tsohuwar ta yi dariya ba haƙori, ta miƙa mata wani abu kamar ɓarin goro, sanyi ƙalau, ta ce, "Ga gyaranki. Ranar da 'yan Ludayi duka suka tashi daga akushin, zan kife shi, kowa a'arsa ta dawo masa, har 'yan Turmi. Amma dubi can gefen kukar, akwai sauran fili da ba a haƙa ba. In kuma suka zauna, ba a ƙara haƙa kabarin zaɓe a garin nan. Sai dai ba ni da sauran a'ar sayarwa."

Washegari Barmani ta tare Malam Tunau a bakin ƙofa ta ce, "Ungo goro, Malam." Ya ce to. Da aka karanto maganar maƙabarta aka ɗaga hatimi, ya miƙe ya ce, "A'a," da muryarsa ta da, wadda ke sa mai albasa kuka. Tururin akushin ya ɗauke na ɗan lokaci. Ɗan kwangila ya janye katafilarsa, matattu suka ci gaba da kwanciyarsu. Kafin la'asar muryar rijiya ta dawo wa Malam Tunau.

Jam'iyyar Ludayi ta taru da hantsi a gindin marke don a yanke, a zauna a haɗaka ko a fita a yi adawa. Barmani ta faɗa musu duk abin da ta gani da gyaran da aka yi mata. Malam Tunau ya ce, "To, sai dai ku tuna, da ban zauna ba, a bakin wa za a sa a'ar da aka sayo? Kuma tun da muka zauna ba a wanke gawar kowa ba." Korau ya ce, "Da ban fita ba, da ƙasusuwa kuka tarar a fili kafin hatimin naku. Gobe in aka zo neman kasuwa fa, muryar wa za a sayar?" Aka ɗaga hannu, aka yi kunnen doki. Duka suka juyo gare ta. "Uwar jam'iyya, ke muke jira."

Barmani ta sunkuyar da kai ta kasa kunne, ko za ta ji me maigidanta zai ce. Ba ta ji komai ba. Da ta ɗago, rana ta kusa tsaka, ga tsohuwar can tafe ta hanyar sakatariya da akushi a ka, yana tururi.

To, na sauke kayana, ku biya ni. Ku ne Barmani a gindin marken nan, me za ku ce wa 'yan Ludayi, su koma su wanke hannu, ko su tashi a kife akushin?